Lemon Tully a Hannun Baban Nunzia

Tun da gari ya waye ranar Asabar ɗin nan Nunzia ta kasa zama wuri ɗaya. Ta ɗora kofi ta manta shi har ya ƙafe, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta fita baranda ta dawo, ta sake fita. Ni kuwa ina zaune ina jera lemo a kwandon da zan riƙe a kan dandamalin bikin lemo, ina kallonta ta wutsiyar ido.

"Ke, ki zauna mana, kin sa ni jiri."

"Gwaggo Filomena, da gaske Baba zai yi?"

"Yaushe kika taɓa jin ubanki ya ce zai yi abu ya fasa?"

Sai ta fashe da kuka. Ni na raine ta tun uwarta Carmela ta rasu ta bar ta tana shekara shida, amma ban taɓa ganin ta yi kuka irin na makon nan ba. Mace 'yar shekara ashirin da huɗu, malamar makaranta guda, duk ta zabge, wuya ya yi tsawo, wai a kan ɗan dabo.

Fergus Tully sunansa, amma duk ƙasar nan da Tully Mai Tsautsayi aka san shi. Siddabaru yake yi, irin wanda kullum sai ya lalace masa. Ya ce zai fito da zomo daga hula, sai ya jawo safarsa. Ya ce zai ɓatar da ƙwai, sai ƙwan ya fashe masa a aljihu, ya tsaya yana kallon jama'a da idanun nan nasa na maraya. Sai an sha dariya har da hawaye, sannan a ƙarshe ya yi abu ɗaya na gaske da zai bar kowa baki buɗe. Shekara goma sha ɗaya yana yawo daga wannan ƙauye zuwa wancan, yana kwana a mota, kafin wani gidan talabijin a Melbourne ya fara ba shi minti biyar duk Asabar.

Abin da ya kai shi can kuwa wasan lemo ne. Ya ba mutum lemo ya riƙe, a zaɓi katin karta, a yage masa kusurwa, a ƙone shi ƙurmus. A yanka lemon, sai ga katin nan a ciki, a naɗe, a jiƙe. Lemon wasan ya tsaya saye a rumfarmu ta bakin titi bara, ya tarar da Nunzia, shi ke nan magana ta ƙare.

Yayana Saverio laifi biyu yake riƙe da shi.

Na farko, ranar da Nunzia ta kawo shi gida cin abinci, rawar kai ta sa ya yi mana wasan a kan tebur. Ni har tafi na yi. Saverio kuwa ya ɗauki ɓarin lemon, ya juya shi, ya shafa babban yatsa a kan ɗan tsinken nan da lemo ke rabuwa da reshe, ya kai hanci. Sai da baƙo ya tafi ya dube mu.

"Gam," ya ce. "Ya cire tsinken, ya tura katin ta nan, ya mayar ya liƙe da gam. Wanda ke ci da ƙarya ba zai ci da 'yata ba."

Mutum miliyan nawa suka kalli wasan nan ba su gane ba, sai ya kawo shi gaban wanda ya fi sanin lemo a kaf bakin kogin Murray. Tsautsayi ai ba a suna kawai ya tsaya masa ba.

Na biyu ya fi ciwo. Mako uku bayan nan muna zaune gaban talabijin, sai ga Tully ya fito da sabon wasa, wai tsohon manomi ne, yana jan ƙafar hagu, yana sansanar duk abin da aka miƙa masa. Bai kira suna ba, amma wa ake ɓoye wa? Ranar Lahadi a ƙofar coci samari suka dinga sansanar hulunansu suna ɗingishi a bayan Saverio. Yayana bai juya ba, sai dai ranar ko abinci bai taɓa ba.

Sai kuma Cosimo Tripodi ya samu ƙofa. Gidansu ke da babban wurin da ake zuba lemon garinmu a kwali, sau uku yana zuwa da ubansa neman Nunzia tana cewa a'a. In faɗi gaskiya, a lokacin ni ma shi nake so mata, yaro ɗan gida, ga mota, ga albashi ba yawo. Shi ne shugaban bikin lemo na bana, shi ya jawo gidan talabijin su nuna bikin kai-tsaye, shi ya ce lallai a kawo Tully, shi kuma ya rubuta sunan Saverio a matsayin wanda za a kira ya riƙe lemon. Ya san Saverio ya gano sirrin wasan, abin da ya rage kawai Saverio ya sa farce ya ɓamɓare tsinken a gaban kyamara, duk ƙasa ta ga rami da gam. In ya yi haka, daga ranar babu Tully a talabijin, babu kuma maganarsa a gidanmu. Nunzia kuwa ta riga ta ce ba za ta yi aure a bayan idon ubanta ba, ko za ta mutu a kai.

To, ranar Asabar ɗin, Nunzia na cikin kukan nan sai ga Saverio ya shigo daga gona. Ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya ɗaura agogon da Carmela ta saya masa shekarar da suka sauka daga jirgin ruwan da ya kawo su ƙasar nan. Na ga ya jefa lemo ɗaya a aljihun dama, ya sa wuƙarsa ta aikin itatuwa a na hagu.

Nunzia ta riƙe masa hannun riga.

"Baba, don girman Allah. Ka hana ni shi, na ji. Amma kada ka kashe masa sana'a. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana wahala."

"Ni shekara talatin da biyu na yi ina gina sunana a garin nan. Minti biyar ya ɗauka ya mayar da ni abin wasan yara."

"Ya ba da haƙuri, Baba. Wasiƙa uku ya rubuto maka."

"Haƙurin nan ba shi yake bayarwa duk Asabar ba, yana marairaicewa ana yi masa tafi? Ta yaya zan raba na gaske da na wasa? Ke kina iya rabawa?"

Ta saki hannun rigarsa. Ni ma maganar ta shige ni.

"Filomena, gobe Tripodi da ɗansa za su zo cin abincin rana. Faranti biyar za ki jera."

Ya ɗauki hularsa ya fita.

Ƙarfe biyu muka isa filin ƙwallo inda aka kafa dandamalin. Sanyin Agusta na busowa daga kogi, amma Nunzia gumi take. Ko jira na ajiye a-kori-kurar daidai ba ta yi ba, ta diro ta nufi tantin 'yan wasa, ni kuma na bi ta da kwandona ina haki, don ban yarda a ce an gan ta ita kaɗai a can ba.

Tully yana gaban madubi cikin kwat ɗin nan tasa da ta fi shi girma.

"Nunziyata! Kai, wannan fuska fa? Wa ya mutu?"

"Kai ne, nan da awa ɗaya."

Ta zayyana masa komai, tana yi numfashinta na sarƙewa. Bakinsa bai daina murmushi ba.

"Ka sauya wasan, Fergus. Ka yi na ƙwai, ka yi na igiya, ka yi ko mene ne."

"Mako biyu suna tallar lemo. Bikin lemo ne fa, Nunzia. Manyan gidan talabijin ɗin suna zaune a Melbourne suna kallo. In ya yi kyau, shirin kaina za su ba ni, rabin awa duk mako. Da shi na so in zo gaban babanki in ce masa na zama mutum."

"To ka ce ba ka da lafiya. Ga motarka can, ka tafi."

"In gudu daga gabansa yau, gobe da wace fuska zan zo neman ki?"

"To ni in yi yaya? In zauna in kalli ubana yana yanka ka? Kwana shida ban runtsa ba. In na kalli Baba in ji tausayinsa, in na tuna ka in ji kamar zuciyata za ta fita. Kun saka ni a tsakiya kuna ja, kai da shi, babu wanda ya tambaye ni ko ina jin zafi."

Hawaye ya ɓalle mata. Sai na ga hannun Tully ya tafi wajen kunnenta, ya jawo jan hankici, mai ruwan ɗorawa a ƙulle da shi, kore na biye. Ta doke hannun da ƙarfi har sai da na ji ƙarar.

"Ka gani ko? Ka gani? Ina kuka kana zaro min tsumma daga kunne! Yau Baba ya tambaye ni yadda nake gane gaskiyarka da wasanka, na rasa amsa, Fergus. Na rasa!"

Ya tsaya yana kallon hankicin kamar ba shi ya fito da su ba.

"Ban san na yi ba," ya ce a hankali. "Tun ina ƙarami, in gidanmu ya kaure da ihu, haka nake yi har wani ya yi dariya a huta. Ban koyi wani abin ba."

Ya zauna a kan akwatin kayansa, ya dafe kai. Can ya ɗago.

"Akwai ƙofar baya. Kowane ɗan dabo yana da tasa. In mutum ya hau da niyyar ɓata min wasa, tun a gaisuwa na zare masa agogo. Da ya fara surutu sai in tambaye shi ƙarfe nawa. Ya duba hannu, wayam, in fito da shi daga aljihuna. Shi ke nan jama'a sun koma kansa. Ko me ya faɗa bayan nan, dariya ce za ta cinye shi."

Nunzia ta ja da baya.

"Mahaifiyata ce ta saya masa agogon nan."

"Ban ce zan yi ba, na ce akwai."

"Ka saurare ni da kyau. In ka sa aka sake yi wa Baba dariya a garin nan, ko shiri goma suka ba ka, ka rasa ni har abada."

"In kuma na tsaya ya tona ni, shi zai raba mu. Gaba kura, baya sayaki ke nan."

"Ka rantse, Fergus."

"Na rantse."

Ni dai ban yarda ba. Mai hali ba ya fasa halinsa, kuma ban daɗe ina jira ba na ga shaida. Cosimo ne ya ɗaga labulen tantin, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa.

"Nunzia, ashe kina nan. Na ajiye miki kujera a sahun gaba, kusa da ni, ba na so komai ya wuce ki." Ya miƙa wa Tully hannu. "Sarkin dabo! Allah ya ba da sa'a. Lemon garinmu fa ba irin na birni ba ne, yana da ido."

"Na gode, shugaba. Riƙe makullin motarka, ya faɗo cikin hannuna."

Cosimo ya laluba aljihu, ya fizge makullin, ya fita fuska a murtuke. A wani lokacin da na yi dariya. Ranar kuwa gabana ne ya faɗi, don na ga hannun yaron nan ba ya neman izininsa.

Ƙarfe uku daidai jar fitilar kyamara ta kama. Mutum ya fi dubu biyu a filin. Ni ce shugabar matan bikin, don haka ina tsaye a gefen dandamali da kwandona, taku biyu tsakanina da su, duk abin da aka raɗa a kunnena yake.

Tully ya fito ya yi tuntuɓe da wayar makirfo, filin ya ɗauka. Ya yi na zomo, ya yi na ƙwai, mutane na riƙe ciki. Sai mai gabatarwa ya ɗaga murya.

"A tafa wa dattijon manoman lemo, Saverio Pangallo!"

Yayana ya taso yana hawa matakala ɗaya bayan ɗaya, yana jan ƙafar. Daga baya na ji wasu sun fara ƙyaƙyatawa. Allah ya isa tsakanina da su. Tully ya tare shi da hannu biyu suka gaisa.

Da suka saki juna na kalli wuyan hannun Saverio. Babu agogo.

Na kalli Tully. Idonsa ya yi wani iri, ya dubi aljihun kwat ɗinsa kamar wanda ya ji kunama na motsi a ciki. Na rantse da kabarin mijina, Tully ma sai a lokacin ya san ya zare agogon.

Ya daure ya ci gaba. Ya sa hannu a kwandona ya ɗauko lemo ya ba Saverio. Ni da na jera lemon nan da hannuna, har yau ban san lokacin da nasa ya shiga ciki ba. Saverio ya zaɓi kati, jar sarauniya ce, aka yage kusurwa aka ba ni na riƙe. Wajen ƙona katin hular Tully ta kama da wuta, ya dinga tsalle yana kashewa da takalmi, har mai riƙe da kyamara sai da kafaɗarsa ta girgiza.

"To, Baba, miƙo lemon nan in yanka."

Saverio bai miƙa ba. Babban yatsansa na kan tsinken, yana shafawa. Sai ya ɗaga lemon ya kai hanci.

Wayyo Allah! Filin ya fashe gaba ɗaya. Ai shi ne wasan tsohon manomi na talabijin, ga shi yau da ransa. Har da masu fito. Na ga wuyan yayana ya yi ja har kunne. Ya jefa lemon Tully a aljihun hagu, ya zaro nasa daga na dama.

"Wancan ba na ci ba ne," ya ce, muryarsa na fita ta lasifika. "Ga nawa. Da safe na tsinko shi da hannuna. In kai ɗan dabon gaske ne, yanka wannan. In ka gama, ni ma ina da abin nuna wa jama'a."

Mutane suka ɗauka duk cikin wasan ne, suka hau tafi. Cosimo ya harɗe ƙafa a sahun gaba yana murmushi. Nunzia ta miƙe tsaye, hannu biyu a ƙirji.

Hannun Tully ya shiga aljihu.

Na ce a raina shi ke nan, ta faru ta ƙare. Kalma biyu kawai zai faɗa, ƙarfe nawa, ya tsira da sana'arsa, yayana kuma ya koma gida ba zai sake iya shiga coci ba.

Hannun ya fito a dunƙule. Ya kawar da makirfon gefe, ya juya wa kyamara baya kamar mai karɓar lemo, ya kama tafin Saverio ya sa masa agogon, ya naɗe masa yatsu a kai.

"Ka yi haƙuri, Baba," ya raɗa. "Hannuna ne ya saba. Ka sa a aljihu, babu wanda ya gani."

Saverio ya kalli wuyan hannunsa, ya kalli abin da ke tafinsa. Ya sha ganin abin da Tully ke yi wa masu agogo a talabijin, ba sai an yi masa bayani ba.

Tully ya juyo ya fuskanci jama'a, lemon Saverio a hannu.

"Jama'a, ba zan iya ba."

Dariya.

"Da gaske nake. Babu komai a cikin lemon nan."

Dariyar ta ƙaru.

"Ku saurare ni, don Allah. Mutumin nan na ci abinci a teburinsa, na fita na kwaikwayi tafiyarsa don a yi min tafi. Ƙafar nan tarakta ce ta danne ta yana noma abin da kuke sha da safe. Na yi abin kunya, ina neman gafararsa a gabanku."

"Sai Tully!" wani ya ƙwala daga baya.

"Ina son 'yarsa. Ban san yadda ake faɗa ba tare da wasa ba, amma ina son ta."

Aka hau fito da buga kujeru. Ban taɓa jin tausayin ɗan Adam kamar ranar ba. Karo na farko a rayuwarsa yana faɗin gaskiya a kan dandamali, mutum dubu biyu na share hawayen dariya. Mu biyu kaɗai muke kusa da za mu ga hannunsa, ni da Saverio. Hannun nan da ke zare agogo mai shi bai ji ba, rawa yake kamar na mai zazzaɓi, har wuƙar da ya ɗauka na ƙwanƙwasa farantin da ya ɗora lemon a kai.

Ya yanka. Ya buɗe ɓari biyun ya ɗaga sama. Ruwa ne kawai ke zuba a hannun rigarsa.

Jama'a suka jira abin da zai biyo baya, don sun saba akwai. Babu abin da ya biyo. Dariyar ta dinga mutuwa sahu-sahu har filin ya yi tsit. Mai shirya shirin yana ƙasa yana ta yi masa alama da hannu kamar mai korar ƙudaje. Tully ya cire ƙonanniyar hularsa ya riƙe, ya matsa gefe ya bar wa Saverio makirfo.

Cosimo ya kasa haƙuri, ya miƙe.

"Baba Saverio, ɗayan! Nuna musu ɗayan!"

Saverio ya zaro lemon Tully daga aljihu, ya zaro wuƙarsa ya buɗe. Kyamara ta matso har ina jin ƙugin injinta. Na ga farcensa ya shiga ƙarƙashin tsinken. Ɗan motsi kaɗan ya rage.

Ya kalli Nunzia. Ba ta roƙe shi ba, hawaye kawai ke bin kumatunta. Ya kalli hannun Tully da har yanzu bai daina rawa ba. Ya daɗe yana kallon hannun nan.

Sai ya zare farcen. Ya kwantar da lemon a gicciye, ya rufe tsinken da tafinsa, ya raba shi ta tsakiya da yanka ɗaya. Ya sa yatsa biyu ya jawo jar sarauniya, a naɗe, tana ɗiga.

Ban san lokacin da na miƙa kusurwar da ke hannuna ba. Aka haɗa, ta zauna daram.

Ihun da aka yi, an ce har a ƙetaren kogi an ji. Mutane suka hau kan kujeru. Su a ganinsu duk shiri ne, har da neman gafarar, har da lemon wofin. Mai gabatarwa ya rugo ya tura wa Saverio makirfo a baki.

"Dattijo, kai ne masanin lemo. Faɗa mana, ta ina katin nan ya shiga?"

 Yayana bai taɓa ƙarya ba, ko ta ciniki. Ya goge wuƙarsa a gefen wando, ya naɗe ta, ya ɗauki lokacinsa.

"Shekara talatin da biyu ina noman lemo," ya ce, "ban taɓa shuka irin wannan ba."

Aka sake ɗaukar ihu. Cikin hayaniyar ya jawo Tully ta wuyan kwat, kamar mai rungumarsa, amma ni na ji abin da ya ce.

"Gam kake sa wa lemo, ɗan banza? Daga taku uku ake jin warinsa. Kakin zuma ake sawa. Gobe bayan coci ka same ni a gona in nuna maka."

"Baba... Nunzia fa?"

"Lemo na ce. Ka ji na ce 'yata?"

Ya sake shi ya nufi matakala. Cosimo ya tare shi a ƙasa, baki na kumfa.

"Baba Saverio, ba haka muka yi da kai ba!"

"Mun yi da kai zan hau dandamali. Na hau. Matsa min, ƙafata na ciwo."

Muka kama hanyar gida mu uku a cikin a-kori-kurar. Nunzia na tsakiya tana wasa da yatsunta, ta buɗe baki ta rufe ya fi sau goma. Saverio ya mayar da agogonsa, yana tuƙi yana taɓa shi lokaci-lokaci kamar mai tabbatarwa yana nan.

Washegari da muka dawo daga coci na ɗora ruwan taliya, Nunzia na yanka tumatir tana kallon taga, har ta kusa haɗawa da yatsa. Saverio ya shigo ya ɗauki gwangwanin kakin zumarsa daga kan kanta, ya nufi ƙofar baya. Na tare shi da faranti a hannu.

"Yaya, tsaya. Jiya ka ce biyar, da Tripodi da ɗansa. Yau kuma ka kira wani gona. Shida ke nan ko yaya? Ka faɗa min in san inda dare ya yi min, kada a fasa min kwanuka a gida."

Wuƙar Nunzia ta tsaya cak.

"Huɗu," ya ce.

Mu uku ne a gidan, kuma duk garin nan an san Cosimo ba ya zuwa neman aure ba ubansa. Nunzia ta saki wuƙar ta toshe baki da hannu biyu, kafaɗunta na rawa. Saverio ya yi kamar bai gan ta ba. Sai da ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Filomena, ki ƙara taliya a tukunyar nan. Jiya da na riƙe yaron nan, ƙashi kawai na ji a cikin kwat."